Shekarar da Na Rufe Rumbu Almu Yana Daji

Kun girma kuna jin rabin wannan labari a bakin mata a gidajen suna, sauran rabin kuma kuna karanta shi a fuskar kakarku duk ranar da na cire takalmi na shiga gaishe ta. Abin da aka ce muku shi ne ubanku ya fifita na'ura a kan ƙanin uwarku. Ban ce ƙarya aka yi muku ba. Taƙaitawa aka yi, ni kuwa na daɗe ina zabga jan biro a takardun ɗaliban da suka kawo mini amsa ba tare da sun nuna hanyar da suka bi ba. Yanzu da ido ya fara gajiya, gwiwa kuma sai an nemi izininta kafin a miƙe, ga hanyar da na bi. Ku duba ta da kanku.

Ni malamin lissafi ne tun asali. Kwamfuta ta iske ni da furfura, na koye ta yadda dattijo ke koyon babur, da tsoro da taurin kai, har na wayi gari a Kaura Namoda ana nuna ni a matsayin wanda ya san kanta. Wannan suna ne ya sa wata ƙungiyar manoma da makiyaya ta neme ni bayan na ajiye alli. Babban ofishinta yana bayan kasuwar hatsi ta Kaura, tana da ƙaramin ofis a Shinkafi, da wani a Zurmi. Aikinta ajiye wa mambobi gero da dawa a sito har farashi ya yi kyau, da rabon taki, da kai masu allurar rigakafi rugage. Gara ta gama karanta takardunsu na shekaru, ita kaɗai ce ma ta karanta su daga farko har ƙarshe, shi ya sa suka yanke shawarar komawa kwamfuta. Wani kamfani ya rubuta musu manhaja, ya karɓi haƙƙinsa ya tafi, aikin ƙunshe ta da kafa ta a ofisoshin nan uku ya faɗo kaina.

Sai na yi muku bayanin sana'ar kaɗan, don ba za ku gane sauran ba sai da shi. Duk bayanan mambobi suna zaune ne wuri guda, a cikin babbar na'ura da ke ofishin Kaura. Wannan wuri shi ake kira rumbun bayanai, kuma sunan ya dace da shi. A ciki akwai sunan kowa da ƙauyensa da unguwarsa da lambar wayarsa, da buhu nawa ya ajiye, da shanu nawa aka yi wa allura. Kwamfutocin hannu da ke Shinkafi da Zurmi ba su ajiye komai a cikinsu. Manhajar da ke kansu tana bin sabis ɗin waya ne ta zo Kaura ta ƙwanƙwasa, ta nuna mabuɗi, wato kalmar sirri, a buɗe mata ta ɗebi abin da aka tambaye ta. Ka'idar aikin, kamar yadda littattafai suka koyar, ita ce idan za ka ƙunshe manhaja ka aika, ba ka sa adireshin rumbu da mabuɗinsa a cikin ƙunshin. Kowace na'ura ana saita mata nata mabuɗin daban bayan an kafa, kuma a yi mata iyaka, ta Zurmi ta ga Zurmi kaɗai, ta Shinkafi ta ga Shinkafi. Wanda ya sa mabuɗi a cikin ƙunshi kamar wanda ya ɗinke mabuɗin rumbunsa ne a bakin kowane buhun da zai aika kasuwa.

Haka na bayyana wa kwamiti, har da zane a allo. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Mande, babban dillalin hatsi ne, mutumin da bai taɓa rufe ƙofar zaurensa ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya gyara zaman hula.

“Malam, mi kake son mutane su ce? A ba na Shinkafi mabuɗi nashi daban, a ce mishi ga iyakarka nan? Mu da munka ci tuwo kwano guda tun kahin a haihi kwamfutar ga? Ranar da kac ce ma mutum akwai ɗakin da ba ya shiga, ranar ka kira shi ɓarawo.”

Kowa ya gyaɗa kai. A wurinmu iyaka zagi ce, kuma ƙungiyar ba da takarda aka gina ta ba, da yarda aka gina ta. Sai kuma aka kawo hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Idan saitin yana waje, duk ranar da na'ura ta samu matsala aka wanke ta, sai na hau mota na je Zurmi ko Shinkafi na sake saita ta, ko a kawo mini ita. A shekarun nan kuwa kowace tafiya a hanyoyin can sai an yi sallama da iyali kamar mai tafiya Makka a ƙafa. Idan komai yana cikin ƙunshin, sai mutum ya danna kawai ta tashi, ba wanda zai hau hanya. Ban ga wauta a wannan magana ba a lokacin, har yau ma ban gani ba. Aka yi ittifaƙi, na ƙunshe adireshi da mabuɗi ɗaya a ciki, na ofis uku, mai buɗe komai.

Wanda ke riƙe da ofishin Zurmi shi ne kawunku Almu, ƙanin uwarku Saratu. A gidana ya yi sakandare, ni na koya masa lissafin da ya ci abinci da shi. Yaya Malam yake ce mini idan yana son wani abu, Farfesa kuma idan yana son a yi dariya, kuma ya fi son a yi dariya. Shi ne ya fi kowa murna da hukuncin kwamiti. Ya ce da ma ya gaji da jin muryata a waya ina cewa danna nan, a'a ba nan ba, kamar mai koya wa jaki alwala.

Akwai mutum guda kuma da ya kamata ku sani, Arɗo Buba, shugaban wasu rugage a gefen Gurbin Bore. Makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa, ko ɗansa ba ya faɗa wa, balle baƙo mai na'ura. Da aka ce ba za a yi allura ba sai an rubuta adadi, mutanensa suka ƙi. Ni na je har rugar, na zauna a tabarmarsa na sha nono, na ce masa adadin zai shiga wurin da ba mai gani sai ma'aikatan ƙungiya. Ya tambaye ni ko zan iya cewa haka da Allah a bakina. Na ce masa haka da Allah a bakina. Ya juya ya yi wa mutanensa magana da Fulatanci, suka fara faɗa a hankali, kowa yana kallon ƙasa kamar mai tona asirin kansa.

Farkon daminar shekara ta gaba, Almu ya taso daga Zurmi zuwa taron ƙarshen wata, da kwamfutar ofis a jakarsa. Motar haya ce, cike da mutane. 'Yan daji suka tare su a hanya da hantsi, suka kora su daji gaba ɗaya. Kafin azahar labari ya iso kasuwar Kaura, washegari kuma aka kira wayar kakarku, Inna, aka faɗi abin da ake faɗa. Mun kai rahoto inda ake kaiwa, aka rubuta. Dangi suka fara taruwa ana duba abin da za a sayar. Wannan duk kun san irinsa, babu gidan da bai san irinsa ba a ƙasar nan. Ni kuwa a kwanakin farko ko tunanin kwamfutar ban yi ba. Na ɗauka sun jefar da ita, ko sun fasa ta suna neman abin da za a sayar a ciki.

Babbar na'urar Kaura tana rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa mata, da sunan na'urarsa. Wata safiya na shiga ofis ina duba wannan rajista kamar yadda na saba, sai na ga na'urar Zurmi ta shigo jiya da rana tsaka. Ofishin Zurmi kuwa a kulle yake tun ranar da aka tafi da Almu. Na bi layukan da yatsa. An buɗe shafin farko, an koma baya, an sake buɗewa, irin taɓawar wanda yake koyo. Daga nan aka nemi mambobin Gurbin Bore, shafi ya fara sauka, sai sabis ya yanke. A can daji sai an hau dutse ake samun sabis, kuma ba ya daɗewa. Abin da ya tsaya tsakaninsu da sunayen kowa, daga Katuru har Gurbin Bore, da yawan buhunansa da shanunsa da lambar da za a kira, shi ne lalacin sabis ɗin waya. Ban taɓa zaton zan yi wa kamfanin waya addu'ar ya ƙara lalacewa ba.

Ba sai an zama malamin lissafi ba kafin a san amfanin wannan rumbu a hannunsu. Su da suke biyan 'yan leƙen asiri don a gaya musu wane gida ne ke da abin hannu, ga shi an jera musu ƙasa guda bisa tsari, daga mai yawa zuwa mai kaɗan idan sun so, don manhajar tana iya wannan ma.

Littattafan da na karanta duk sun yi magana a kan haka, kuma bakinsu ɗaya: idan na'ura ta ɓata, a soke mabuɗinta nan take. Mutanen da suka rubuta su suna zaune ne a ƙasashen da ake mance kwamfuta a jirgin ƙasa. Babu wanda ya rubuta babin da ke cewa ga abin da za a yi idan na'urar ta ɓata da mutum a jikinta.

Ina zaune a wurin wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar saurayi ce, mai ladabi, Hausarsa ta wanda ya zauna a aji. “Sa” ya kira ni, kamar yadda ɗalibai ke kira na. Ya ce ya san ni ne mai kula da na'urar, kuma ya san abin da mai kula da na'ura ke yi idan ya ga abin da na gani. Ya ce shawara yake ba ni kada in wahalar da kaina. Sannan ya miƙa wa Almu wayar.

“Yaya Malam.” Muryarsa ta dushe, sai da na toshe ɗaya kunnen. “Don Allah kar ka taɓa komi. Sun gani tana aiki. Sun ce in ta mutu, ni na sa anka kashe ta. Ka bar ta yadda take, Yaya Malam, don girman Allah. Ina da ɗiya ƙanana.”

Na ce masa na ji. Ban ce masa na yarda ba, amma na san abin da ya ɗauka, kuma na bar shi ya ɗauka. Ina so ku lura da wannan: kawunku bai yi mini wata alama a ɓoye ba, bai ce in rufe ba. Roƙona ya yi ƙarara in bari a buɗe. Masu son su kyautata labarin daga baya sun ce ya yi jarumta ya ce a rufe. Bai ce ba, kuma ba na ganin ya ragu da komai don bai ce ba.

Na fara neman hanya ta uku, don duk mai lissafi ya yi imani akwai ta. Da kowace na'ura tana da mabuɗinta, da na rage wa ta Zurmi abin da take gani a hankali ba tare da an lura ba. Mabuɗi ɗaya ne, mai buɗe komai. Na yi tunanin in janye rumbun gaskiya in ajiye na ƙarya a adireshin, in cika shi da sunayen da na ƙirƙira. Har na fara. Na rubuta Sani Garba, Katuru, buhu kaza. Sai hannuna ya tsaya, don na san Sani Garba biyu a Katuru, ɗaya ma na koyar da ɗansa. Na goge na rubuta Bello Umaru. Akwai shi. Lawali Musa, akwai shi a kowace unguwa. A ƙasarmu ba a ƙirƙirar suna, duk sunan da ka kama da mai shi, kuma idan na ɗora wa talaka shanun da ba shi da su, za a zo a nema a wurinsa, ba shi da abin fansar kansa. In kuwa na sa sunayen da babu irinsu a nan, ko na bar rumbun fayau, saurayin nan mai ladabi zai gane kafin ya sauko daga dutse, ga shi ya riga ya ga rabin shafin gaskiya. Hanyar ta uku ta ƙare a nan.

Na tafi wurin Alhaji Mande a rumfarsa, ana auna dawa. Na ja shi gefe na faɗa masa komai, na ce rumbun na ƙungiya ne, shi ne shugaba, ya yanke. Ya daɗe yana jan carbi.

“Wanga lamari na ilimi na, Malam. Mu mi munka sani ga na'ura? Duk abin da kag gani ya dace, ƙungiya na bayanka.”

Ranar rabon mabuɗi bai ce lamarin na ilimi ba ne. Ban tuna masa ba. Ya ƙara da tambaya, murya ƙasa ƙasa, ko sunansa yana ciki. Na ce shi ne na farko idan aka jera daga mai yawa. Ya ce Allah ya kyauta, ya koma wurin awo.

Da na iya rufewa ban gaya wa kowa a gida ba, kuma da ba wanda zai taɓa sani. Na ga ba zan iya kwana ɗaki ɗaya da uwarku da wannan a cikina ba. Na iske ta a gidan Inna, mata sun cika tsakar gida ana jaje. Na sa aka kira su biyu zuwa ɗaki, na durƙusa daga bakin ƙofa na yi bayani da kalmomin da suka fi sauƙi. Inna ba ta gane rumbu da mabuɗi ba, amma ta gane abin da ya kamata ta gane. Ta tambaya ko abin da ɗanta ya roƙa yana hannuna. Na ce yana hannuna. Ta ce to mene ne kuma na zuwa a tambaye ta.

Uwarku ce ta yi magana mai tsawo, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce waɗancan mutane ba a taɓa su ba tukuna, wataƙila ma ba za a taɓa su ba, Almu kuwa yana hannu yanzu. Ta ce 'yan daji ba su jira kwamfutata ba kafin su san gidan mai shanu. Ta ce in bari kwana kaɗan kawai, har a haɗa abin da suka nema a karɓo shi, sannan in rufe duk abin da nake son rufewa. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya yi nauyi. Na ce mata kwana kaɗan na rana mai kyau a kan dutse ya ishe su su kwashe komai, kuma abin da aka kwafa ba ya dawowa. Na ce na ɗauki amanar mutane da Allah a bakina.

“Shi kuma Almu da wa ka ɗauki amanarsa?” in ji ta. “Yana ɗan shekara nawa Inna ta miƙa maka shi? Waɗancan sunaye ne a na'ura, Baban Nana. Wannan ka san yadda yake tari.”

Sai dai su ma ba sunaye ba ne a wurina. Ni na shigar da yawancinsu da hannuna, na zauna a tabarminsu, na san wanda ya ajiye buhunansa don auren ɗiyarsa da wanda ya ajiye don asibiti.

Na yi azahar a masallacin kasuwa. Na so in ce muku na ji wata natsuwa ta sauko mini, amma ban ji komai ba sai zafin siminti a goshi. Na koma ofis, na kunna na'ura, na shiga wurin saitin rumbu, na goge tsohuwar kalmar sirri na rubuta sabuwa. Na'urar ta nemi in sake rubutawa don tabbatarwa, na sake. A waje masu keke napep suna ta rigima da wani mai kura a kan hanya. Shi ke nan aikin.

Washegari da rana na'urar Zurmi ta ƙwanƙwasa. Ina zaune ina kallo. Rajista ta rubuta an ƙi. Ta sake ƙwanƙwasawa, an ƙi. Layukan suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma na san tsakanin kowane layi da mai bi masa akwai abin da ake yi wa mutum a kan wani dutse. Wayata ta yi ƙara, na ɗauka, don na ga ba ni da ikon ƙin ɗauka. A wannan karon saurayin riƙe wayar kawai ya yi kusa da inda abin ke faruwa don in ji. Ba zan rubuta abin da na ji ba. Ban kashe ba har sai da sabis ya yanke da kansa. Kalma ɗaya ce tsakanina da tsayar da shi, ina iya mayar da tsohon mabuɗin kafin a ƙifta ido, kuma hannuna yana kan na'urar duk tsawon lokacin. Sun sake gwadawa kwanaki a jere, sannan suka daina, kuma suka daina kiran kowa. Sai da aka yi makonni ba mu san ko yana raye ba.

Uwarku ta zauna gidan Inna duk wannan lokaci. Ku kuna ƙanana, an ce muku jinya take yi. Ni kuma na bi ofisoshin da suka rage na sake ƙunshe manhajar yadda littafi ya ce, babu adireshi babu mabuɗi a ciki, kowace na'ura da nata da iyakarta. Kwamiti ya amince ba tare da muhawara ba. Alhaji Mande ma ya ce shi tun farko hankalinsa bai kwanta da mabuɗi ɗaya ba.

Da suka sake kira, abin da suka nema ya ƙaru saboda fushi. Gonar Inna ta tafi, filin da na saya don in gina muku ya tafi. Almu ya dawo ana gab da yankan gero, a bayan babur, an ɗaure shi da rawani a jikin mai tuƙi don kada ya faɗi. Ya rayu. Hannunsa na dama ne bai dawo ba, wanda yake danna na'urar da shi, yatsun sun haɗe sun lanƙwashe kamar busasshiyar kuɓewa, kuma likita ya ce an makara.

Kada ku ɗauka an zo an yi mini godiya. Mutanen da ke cikin rumbun ba su san an yi komai ba, kuma ba a yi wa mutum godiya a kan abin da bai faru ba. Wasunsu ma an kai musu hari a shekarar, da kwamfuta ko babu. An kore shanun Arɗo Buba kafin kaka, ya kwashe sauran mutanensa ya haura Nijar. Sunansa yana cikin rabin shafin da ya riga ya sauka, kuma har yau ban sani ba ko daga nan ne ko daga bakin wani maƙwabci. Don haka ba ni da hujjar da zan ajiye muku in ce ga adadin waɗanda suka tsira. Abin da ake iya gani da ido hannun kawunku ne kaɗai. Uwarku ta dawo gida bayan ya fara tashi, ta ci gaba da duk abin da mace ke yi, ba ta sake tayar da maganar ba. Da can idan na faɗi abin dariya a kan tuwo ita ke fara dariya. Wannan ne bai dawo tare da ita ba.

Sai da ya yi ƙarfi na je na same shi shi kaɗai, a ƙarƙashin rumfar ƙofar gidan Inna, gab da la'asar. Na yi sallama ya amsa, na zauna a gefen tabarma. Na zo da jawabi a shirye, irin na malamai, mai gabatarwa da hujjoji. Bai bar ni na fara ba.

“Abu guda nike son in sani,” ya ce, yana kallon hanya. “Canjin mabuɗin ga, aiki na mai wuya?”

Na ga ƙofar ƙarya a buɗe. Da na ce ya ɗauke ni yini ina fama, ko na ce kwamiti ne ya tsaya a kaina, da ya karɓa, wataƙila ma abin da yake so ke nan.

“Ba wuya,” na ce. “Kalma ɗaya ce. Kafin ka shanye kofin ruwa an gama.”

“Kuma da kana so, kana iya maishe ta.”

“Ina iyawa.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce haka saurayin nan na daji ya gaya masa, shi kuma ya yi ta rantse musu cewa ba haka ba ne, cewa in an rufe an rufe ke nan, ko Yaya Malam ba shi da iko. Ya ce da wannan rantsuwar ya rayu, don shi kansa ya yarda da ita.

Aka kira salla. Ya jawo buta da hannun hagu, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa yana ƙoƙarin karkata ta, ruwan yana zuba a ƙasa. Na miƙa hannu na ɗauki butar. Na yi zaton zai fizge, bai fizge ba. Na zuba masa ya wanke na hagu, na daman kuma ya miƙo mini shi ba tare da ya dube ni ba, na wanke masa shi yatsa bayan yatsa, har tsakankanin inda suka haɗe. Muka tafi masallaci tare. Da aka tayar da iƙama na matsa na bar masa wuri kusa da ni. Ya wuce ni, ya bi sahun har ƙarshensa, ya tsaya jikin bango. Har yau can yake tsayawa.